Maƙarƙashiyar Jarirai a Ƙasashen Gwandu da Argungu: Yadda Ake Gane Ta, Rigakafinta da Sauƙaƙa Ta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da uwaye mata suka fi kai wa ungozoma da ma'aikatan lafiya a Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan bakin Gulbin Rima, akwai cewa jariri ya kwana biyu ko uku bai yi bayan gida ba. Sau da yawa kafin maganar ta isa asibiti an riga an ɗura masa jiƙo, ko an sa masa sabulu a dubura. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa taurin bayan gida shi ne ma'aunin maƙarƙashiya, yawan kwanaki kuwa shaida ce mai rauni. Idan aka fahimci haka, za a bar jarirai masu yawa su huta da magungunan da ba su bukata, a kuma gane 'yan kaɗan ɗin da ya wajaba a gaggauta kai su ga likita.

2.0 Mece ce Maƙarƙashiya?

Bayan ƙaramin hanji ya tsotse amfanin abinci, sauran tarkacen yakan wuce zuwa babban hanji, wanda aikinsa shi ne janye ruwan da ya rage. Gwargwadon daɗewar tarkacen a nan, gwargwadon bushewarsa. Idan ya bushe ya yi tauri, fitarsa takan yi zafi, har ya tsaga bakin dubura a ga ɗigon jini. To, yaron da ya ɗanɗana wannan zafi sai ya riƙa matsewa don tsoro, bayan gidan ya ƙara daɗewa, ya ƙara tauri. Ta haka ne lalurar kwana uku take zama ta watanni.

A ƙa'idojin da masana cututtukan ciki suka fitar a 2016, waɗanda ake kira ƙa'idojin Rum na huɗu, ana cewa ƙaramin yaro yana da maƙarƙashiya idan ya yi wata guda da aƙalla alamomi biyu daga cikin waɗanda suka lissafa. Daga cikinsu akwai bayan gida sau biyu ko ƙasa da haka a mako, da bayan gida mai tauri ko mai zafi, da mai kauri ƙwarai, da kuma yawan riƙe shi.

3.0 Abubuwa Biyu da Ake Ɗauka Maƙarƙashiya ne

Na farko shi ne jinkirin jariri mai shan nono zalla. A makonnin farko yakan ɓata zane sau da yawa a rana. Amma daga wajen mako na shida, wani jaririn yakan yi kwana uku ko biyar, wani ma har mako guda, bai yi ba. Dalili kuwa shi ne nonon uwa yana narkewa sosai, abin da yake saura a hanji kaɗan ne. Muddin cikinsa da laushi, yana kama nono, yana fitsari kamar sau shida a yini da dare, yana ƙara nauyi, bayan gidan kuma in ya zo ya zo da laushi, to lafiyarsa lau.

Na biyu shi ne yunƙuri. Akan ga jaririn da bai kai wata tara ba yana nishi yana kuka har minti 10 ko fiye, fuskarsa ta canja, daga baya sai ya fitar da bayan gida mai laushi. Abin da ke faruwa shi ne bai iya haɗa abubuwa biyu a lokaci guda ba tukuna, watau matsa ciki da sakin dubura. Wannan koyo ne irin na zama da rarrafe, yakan wuce da kansa. Tura masa wani abu a dubura ba ya koya masa kome.

4.0 Dalilanta a Wannan Yanki

Maƙarƙashiya ta haƙiƙa ta fi zuwa a lokacin da aka canja wa yaro abinci. Ga huɗu daga cikin dalilan da suka shafi wannan yanki namu.

(a) Zubar da dakashi. A gidaje da dama akan hana jariri nonon farko bisa zaton ba shi da kyau, a ba shi ruwa ko madarar dabba kafin nono ya kawo. Alhali dakashi yana ɗauke da garkuwar jiki, yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin nan mai danƙo da ake haihuwar jariri da shi.

(b) Madarar gwangwani da ta shanu. Wanda ake ba madarar gwangwani bayan gidansa ya fi na mai shan nono tauri, balle idan aka yawaita gari aka rage ruwa don a ce ya ƙoshi. Madarar shanu kuwa, wadda take da sauƙin samu a wurin Fulani, ta yi wa hanji da ƙodar wanda bai shekara ba nauyi.

(c) Abincin farko marar dusa. Jihar Kebbi ƙasar shinkafa ce, fadamun Argungu da Birnin Kebbi shaida ne. Amma shinkafar da inji ya goge ta yi fari fes ta rabu da dusarta, haka nan kokon da aka tace sau biyu. Dusa da zaren ganye su ne suke riƙe ruwa a hanji su tausasa bayan gida. Yaron da aka ɗora a kan koko tsinkakke da tuwon shinkafa kaɗai, ba abin mamaki ba ne cikinsa ya ɗaure.

(d) Zafi da rashin lafiya. A watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Yaron da ya fara cin abinci, in ba a ba shi isasshen ruwa ba, ko zazzaɓi ya kama shi, jikinsa zai janye ruwa daga hanji. Haka kuma yayen farat ɗaya, inda ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, yakan raba shi da babban tushen ruwansa a dare guda.

5.0 Rigakafi

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba, domin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga wanda yake son cika shayarwa. Duk da haka, binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna 29 bisa ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake ba nono zalla. Babban abin da ke sa a karya wannan ƙa'ida shi ne tausayin ƙishirwa. To, a sani cewa kimanin 87 bisa ɗari na nonon uwa ruwa ne. A lokacin bazara uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba da nono. Ruwan gulbi ko na rijiya da ake ba jariri yana cika masa ciki ya rage shan nono, yana kuma iya jawo gudawa.

Idan larura ta sa dole a ba da madarar gwangwani, a fara zuba tafasasshen ruwa, sannan a auna gari daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, ba ƙari ba ragi.

Daga wata shida a fara abinci sannu a hankali. A dama kunun gero ko dawa da kauri, kada a tace shi fiye da kima, a sa ɗan man gyaɗa ko manja. A riƙa ba da kabewa da dankali da wake da aka dafa suka yi lugub, da miyar kuɓewa ko alayyafo ko zogale marar yaji, da gwanda da mangwaro nunannu. Kifin Argungu yana gina jiki ƙwarai, amma ba ya tsayawa a matsayin ganye, sai a haɗa su. A bi abinci da tafasasshen ruwa a kofi, kamar rabin kofi zuwa kofi guda a yini.

6.0 Sauƙaƙawa a Gida da Abin da Za a Guje wa

Idan bayan gida ya yi tauri amma yaro yana wasa yana cin abinci, a ƙara masa nono. A kwantar da shi rigingine a riƙa lanƙwasa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke, a shafa cikinsa a hankali ana kewaya cibiya ta inda hannun agogo yake bi. Wanka da ruwa mai ɗumi yana sassauta jiki. Wanda ya wuce wata shida a ƙara masa gwanda da ganye da ruwa. In an yi 'yan kwanaki ba sauƙi, sai a kai shi asibiti, inda akan rubuta maganin tausasa bayan gida irin su laktulos bisa nauyin yaro.

A nan ne ya kamata a yi maganar ɗauri da jiƙe-jiƙe. Ba wanda yake shakkar cewa kaka da ungozoma alheri suke nufi, amma garin neman gira akan rasa ido. Filasko da man zurma suna wanke cikin babba da ƙarfi, jariri kuwa suna iya sa shi gudawar da za ta ƙarar da ruwan jikinsa cikin sa'o'i. Kanwa gishiri ce mai nauyi ga ƙodarsa. Sabulu yana ƙona fatar cikin dubura, tura ruwa ko tsinke kuwa yana iya huda hanji. Ɗura ma tana da haɗari, domin ruwa ko mai yakan kauce ya shiga huhu. Zuma kuma, duk da falalarta, ba a ba wanda bai shekara ba, saboda takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jiki da aka fara ganewa ga jarirai a Amurka a 1976, wadda abin mamaki alamarta ta farko ita ce maƙarƙashiya.

7.0 Alamomin Gaggawa

Akwai jariran da maƙarƙashiyarsu alama ce ta wata cuta. A 1886 wani likitan ƙasar Danmak mai suna Harald Hirschsprung ya bayyana cutar da ake kira da sunansa, inda ake haihuwar yaro ƙarshen hanjinsa ba shi da jijiyoyin da ke tura bayan gida. Tana samun kamar jariri 1 cikin 5,000, maganinta kuwa aiki ne na tiyata. Wani jaririn akan haife shi ba ƙofar dubura, shi ya sa ya kamata ungozoma ta duba tun ranar haihuwa. Wani kuma halittar da ke wuyansa mai sarrafa girman jiki ce ba ta aiki, sai a ga shawara ta ƙi wucewa, ga yawan barci, ga dusasshiyar murya.

Saboda haka a kai jariri asibiti ba tare da jira ba idan ya yi sa'a 48 da haihuwa bai fitar da baƙin kashi ba, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko yana amai kore, ko jini ya gauraya da bayan gidansa, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, ko ba ya ƙara nauyi. Mutanen Birnin Kebbi suna da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya, na Argungu suna da babban asibitin garin, na ƙauye kuwa su fara da ɗakin shan magani mafi kusa domin a tura su gaba.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa akasarin abin da ake kira maƙarƙashiya kafin wata shida ɗabi'ar jariri ce, ta haƙiƙa kuwa ta fi zuwa da canjin abinci, kuma maganinta yana cikin abin da muke nomawa. Abin da ya rage shi ne isar da wannan bayani ga waɗanda suke yanke shawara. Mai jego, musamman 'yar fari da ta je wankan gida, ba ta iya musa wa uwarta ko surukarta. Don haka ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa gayyatar kakanni da ungozomomi wurin awon ciki da ranar allurar rigakafi, malamai kuma su ja hankalin magidanta, tun da su ne masu ba da izini da kuɗin mota. Tambaya ɗaya ta isa a koya wa kowa: da tauri ya zo, ko da laushi? Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.