Littattafan Koyon Soket: Daga Ina Ɗalibi Zai Fara?

Duk saƙon da ya bar waya zuwa wata kwamfuta mai nisa, ta wata ƙofa yake fita, wadda masu rubuta manhaja ke kira soket. Manhaja takan buɗe ta, ta faɗi adireshin da take nema da lambar mashiga, ta tura bayanai, ta jira amsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka fito da wannan tsari a 1983, cikin Unix samfurin 4.2BSD, kuma har gobe da shi Linux da Android da macOS ke aiki. Winsock na Windows ma a kansa aka gina shi.

Saboda tsarin bai sauya sosai ba, littattafansa ba sa saurin tsufa.

Wanda ya fi suna shi ne UNIX Network Programming na W. Richard Stevens, haifaffen Luanshya a Zambiya ta yau, littafin da ya fito a 1990. Bayan rasuwar marubucin a 1999, Bill Fenner da Andrew Rudoff suka sabunta juzu'i na farko a 2003. Abin da ya ɗaukaka littafin shi ne salon koyarwarsa. Stevens ya gina manhajoji biyu ƙanana, ɗaya na aika layin rubutu, ɗaya na mayar da shi, sannan ya shiga jefa su cikin matsala da gangan. Me zai faru idan mai amsawa ta mutu ana tsakiyar hira? Idan kwamfutar ta ɗauke ta dawo fa? A nan ɗalibi ke gane cewa haɗa layi ba wuya, riƙe shi lokacin da hanya ta lalace ne aikin.

Sai dai littafin ya kai shafi dubu, yana iya karya gwiwar ɗan koyo. Shi ya sa da yawa ke farawa da Beej's Guide to Network Programming na Brian Hall, gajere ne, kyauta a intanet, kuma cikin yaren C. Mai son matsakaici yana da TCP/IP Sockets in C na Michael Donahoo da Kenneth Calvert.

Akwai abu biyu da za a auna kowane littafi da su. Na farko, ya bayyana cewa TCP, tsarin da ake jigilar bayanai da shi a intanet, ba ya kiyaye iyakar saƙo: abin da aka tura a dunƙule yana iya isowa gutsure-gutsure, dole manhaja ta riƙa tarawa. Na biyu, ya koyar da umarnin neman adireshi na getaddrinfo, wanda ke aiki da sabon tsarin adireshi na IPv6, maimakon tsohon gethostbyname.

Gwaji kuwa ba ya cin data ko kaɗan. Adireshin 127.0.0.1 kwamfutar kanta yake nufi, don haka ɗalibi zai iya kunna manhajojin biyu a na'ura ɗaya, ya kashe guda ana cikin aiki, ya ga yadda ɗayar za ta yi.