A Gwada Hannun Masu Gyaran Kwamfuta, A Ba Su Takarda

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana da malamai da akawuna a kan wani al'amari da ya shafi samarinmu na Getso da Gwarzo da Kabo.

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, kwamfuta kuma ta bazu a ofisoshi da makarantu, yaranmu da yawa suka tafi Kano koyon gyara. Waɗansu suka zauna gaban iyayen gidansu a Titin Beirut, waɗansu a kasuwar Farm Centre. Yau akwai wanda ya shekara 10 yana wannan aiki, da jin ƙarar inji ya san ciwonsa. Amma ran da aka ce ana neman ma'aikaci a ofis ko a makaranta, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Ina takardarka?" Sai ya sunkuyar da kai. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma bisa kwamfuta ɗungum, kowace cibiyar jarrabawa kuwa tana bukatar mai lura da injuna. Ga aiki, ga gwani, rashin takarda ya raba su.

To, jama'a, mutumin da ke da mata da 'ya'ya, yaya za a ce ya rufe rumfarsa shekara 2 ko 3, ya koma benci a koya masa kwance kusa? Wannan ɓarnar lokaci ce. Abin da ya dace da shi gajeren horo ne da gwaji mai tsanani.

Hanyar kuwa tana nan, sai dai da yawa ba su ji labarinta ba. Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta na Kaduna, ita ke riƙe da wani tsari na auna gwanintar masu sana'a mataki mataki, ana kiransa NSQF. Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a 2013. A cikinsa akwai ƙofa ta musamman domin wanda ya koyi aiki a wajen makaranta. Mai aunawa ya zo ya tsaya a kansa yana aiki, ya yi masa tambayoyi da baki, ya tattara shaidar ayyukan da ya yi a baya. Sa'an nan wani ya bi sawun mai aunawan, don kada a yi son kai. Inda aka ga gibi, nan kaɗai za a koya masa. An riga an bi da masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna ta wannan hanya, tare da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Akwai kuma tsohon gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja ta 3 da ta 2 da ta 1. Ko a Amurka, takardar CompTIA A+ da aka soma bayarwa a 1993, ba a tilasta wa mutum zaman aji kafin ya same ta, jarrabawa 2 zai ci.

Kada gwanayenmu su ce ba su da sauran abin koyo. Mai gyara da yawa bai san wuta kan maƙale a cikin inji bayan an zare shi daga bango ba, ko kuwa yadda za a yi da mataccen batir don kada ya ta da gobara. Wani ba ya rubuta kayan da ya karɓa, sai rigima ta tashi. Babba duka ita ce amana, gama kwamfutar mutum cike take da asirinsa, da hotunan iyalinsa, da lissafin dukiyarsa. Waɗannan su ne darussan da ya kamata gajeren horo ya tsaya a kai.

Sai dai akwai abin tsoro guda. In aka mai da sauri ya zama ciniki, kowa ya miƙa kuɗi ya karɓi takarda, to, an kashe maganar, an kuma cuci gwanin gaskiya. A ajiye wa mutum matacciyar kwamfuta a gabansa, a ce ya tashe ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Roƙona ga hukuma shi ne a kawo wannan gwaji kusa da mu. Ga babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya a Kabo, me zai hana a riƙa yin sa can, a huta da kuɗin mota zuwa birni? Masu gyara kuma su haɗa kai, su rubuta sunayensu, su tafi da murya ɗaya. Ku kuwa malamai, ku karanta wa wanda bai ji ba, ku taimake su cika takardu.

Allah ya sa mu dace, amin. Wasalam.

Ni ne naka,
Mai Son Ci Gaba, Getso.