Giwan Ruwa da Mai Nitso: Ina Ya Kamata a Ɗaure Igiya?

Ɗalibin da ya tashi a Gumel ko Maigatari ya fi sanin kifi a kasuwa, busasshe ko ɗanye, wanda ake kawowa daga wajejen Haɗeja. Da wuya ya yi zaton kifi na iya kashe mai kama shi. Amma giwan ruwa takan kai tsawon mita 2, kuma kifin da ya ci gasar Argungu a shekarar 2005 nauyinsa kilo 75 ne, wato nauyin ƙato guda.

Sarkawan kogin Kwara sun daɗe da sanin wannan haɗari. Idan suka jefi dorina da zago, igiyarsa tana ɗaure ne a jikin itace marar nauyi mai yawo a bisa ruwa. Dabbar ta yi ta ja har ta gaji, su kuwa suna biye da ita cikin kwalekwale.

Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a 1943, masu nitso suka fara bin manyan kifaye da bindigar mashi, suna goye da tukunyar iska. A nan dabarar Sarkawa ta ƙara muhimmanci. Dalili kuwa shi ne abin da Robert Boyle ya bayyana a 1662: idan matsi ya ragu, iska takan buɗe. A zurfin mita 10, matsin ya ninka na saman ruwa sau biyu. Saboda haka in kifi ya fizgi mutum zuwa sama yana riƙe da numfashi, iskar huhunsa za ta ninka, huhun ya yage. Haka kuma naitirojin da ya narke cikin jini yakan yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, har ya jawo shanyewar jiki.

Don haka ƙwararru ba sa ɗaure igiyar mashi a jikinsu. Sukan haɗa ta da abin da ke yawo a bisa ruwa, su riƙe wuƙa don yanke ta idan ta naɗe su, su tafi da abokin nitso, sannan su hau a hankali, kimanin mita 9 a minti guda. Faransa ma ta hana farautar kifi da tukunyar iska ɗungurungum.

Malami na iya nuna wannan a aji da sirinji marar allura: ya toshe bakinsa da yatsa, ya danna, sannan ya saki, ɗalibai su ga yadda iskar ke komawa girmanta.