"Ina Za Ka?": Tsaro da Shan Iska a Ƙasar Kurfai

A Hausa, "tafiya" da "yawo" ba abu ɗaya ba ne. Mai tafiya yana da inda ya dosa, ko gona, ko rijiya, ko kasuwa. Mai yawo kuwa, wato mai shan iska, babu abin da ya fito da shi sai miƙe ƙafa da wartsake rai. Masu binciken lafiyar jama'a ma haka suke raba tafiyar ƙasa da hawan keke gida biyu, na larura da na nishaɗi. Rashin tsaro ba ya taɓa su daidai wa daida. Na larura yakan jure, don tsoro ba ya cika wa kowa tulu. Na nishaɗi ne ke fara mutuwa, tunda babu mai tilasta shi.

Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai (ko Kurhwai, kamar yadda harshen mutanenta ke furtawa), tana cikin kwarin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tillaberi, ciki har da Abala da ke arewa da ita. A Janairun 2020, watan da aka kashe sojoji 89 a Chinagodrar, hukumomi suka hana zirga-zirgar babura a yankuna da dama na jihar, saboda a kansu mahara ke zuwa. Wannan ya sauya matsayin keke. Abin da yaro ke kewaya unguwa da shi bayan la'asar ya koma abin kai buhu kasuwa da nemo magani. Ga shi yashin kwari ba ya ƙaunar taya, sai an hau babbar hanya, inda shingayen jami'an tsaro suke.

Inda abin ya shafi fagenmu shi ne wajen tambayar nan, "Ina za ka?" A 1923 Malinowski ya yi bayanin irin maganar da ba a yin ta don neman labari, sai don ƙulla zumunci. A zaman lafiya wannan tambaya tana cikin wannan rukuni. Dattijo a ƙofar gida ko samari a fada suna dafa shayi su jefo ta, ka ce "nan kusa", kowa ya gamsu, domin ba amsar ake nema ba. Da tsoro ya shigo, kalmomin ba su canza ba, amma aikinsu ya canza: gaisuwa ta zama tuhuma, "nan kusa" ta daina wadatarwa. Mai zuwa gona yana da amsa. Mai yawo fa? Gaskiyarsa ita ce "ba inda za ni", kuma babu amsar da ta fi ta jawo zargi.

Jane Jacobs ta nuna a 1961, daga nazarin biranen Amurka, cewa idanun mazauna da ke kan titi su ne ke tsare shi. A ganina ta faɗi rabin magana ne. Idon da ke tsare ɗan gari, wanda aka san uwarsa da ubansa, shi ne ke takura baƙo, musamman wanda karin harshensa ko shigarsa suka bambanta, a ƙasar da Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. Kuma duk wanda ya fasa fita ya rage ido ɗaya a kan hanya, sai na bayansa ya ƙara jin tsoro.

Ɗalibin da zai je tattara bayanan Kurhwayanci ya kwana da sanin cewa shi ma mai yawo ne a idon gari: baƙo, a ƙasa, da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Ya fara gaida mai gari, ya kuma nemi ɗan gari ya riƙa raka shi, wanda zai amsa tambayar a madadinsa.