Gadon Da Ke Mai Da Magani Dafi

Akwai wani ciwo na gado wanda mai shi kan yi shekara da shekaru bai san da shi ba, sai ran da likita ya ɗora shi a kan maganin daji. A hantar ɗan Adam akwai sinadarin da likitoci ke kira DPD, mai aikin narkar da yurasil da tayamin, watau biyu daga cikin tubalan ƙwayoyin halitta. Yaron da ya gaji raunin sinadarin nan daga uwa da uba duka, kamar yadda kan faru a auren zumunci, yana iya tasowa da farfaɗiya da jinkirin magana. Wani kuwa ya girma lafiya lau.

Inda gizo ke saƙa shi ne maganin daji na fluorouracil, wanda aka ƙago a Amurka cikin 1957. DPD ne ke kawar da kimanin kashi 80 cikin 100 nasa. In ya gaza, ko da daga gefe ɗaya aka yi gadon, sai maganin ya taru ya zama dafi: zawo mai tsanani, gyambon baki, karyewar fararen ƙwayoyin jini, har ma a rasa rai.

Shi ya sa a 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a gwada majinyaci tukuna. Sai dai fa gwajin gadon da aka fara da shi nau'o'i huɗu yake nema, waɗanda suka fi yawa a Turawa, alhali akwai wani nau'in a jinin 'yan Afirka da aka tsallake. Awon yurasil a jini kuwa, irin wanda Faransa ta wajabta a 2019, ba ruwansa da asalin mutum.