Idan Shafin Lissafi Ya Ɓace a Kwamfuta, Kada Mu Yi Saurin Zargi



Da yawa daga cikin kwamitocin agaji na ikkilisiyoyinmu suna ajiye lissafinsu a manhajar Excel, ko a kwamfutar ofishin gunduma, ko a shagon kwamfuta na bakin kasuwa. Fayil guda yakan ɗauki shafuka uku ko huɗu: na hatsin da aka tara, na sunayen gwauraye da marayu, na bashin taki. Kukan da ake yawan kawo mana shi ne, magatakarda ya buɗe fayil ranar rabo, sai ya ga shafi ɗaya tak, da layuka kaɗan na sama. Sauran babu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwauruwar da ta yi tafiyar sa'a biyu a ƙasa za ta koma gida da buhu wofi. Kafin Lahadi kuma, an fara raɗa cewa ma'aji ya share sunaye. Mu tuna cewa gunagunin da ya tashi a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan gwaurayen da ake tsallakewa wajen rabon abinci ne. To, sau da yawa ba wanda ya share kome. Hanyar zuwa wurin sunayen ce ta ɓuya.

Mene ne ainihin abin da ya ɓace?

A cikin ganuwar Kano akwai unguwar Madabo, wadda ta yi suna a kan karatu tun zamanin malaman Wangarawa. Tsofaffin littattafan hannu irin na maƙwabtanmu malaman birni ba a ɗinke suke ba. Falle-falle ne, ana ajiye su cikin gafaka. Don kada su rikice, mai rubutu yakan sa kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. In wannan 'yar kalma ta goge, littafi yana nan, sai dai mai karatu bai san inda zai nufa ba.

Haka Excel yake. Tun fitowar 1993 yake jera sunayen shafuka a ƙasa ta hagu, kowane shafi da ɗan kunnensa da ake dannawa. Akwai kuma sandunan ja guda biyu, ɗaya a tsaye ta dama, ɗaya a kwance ta ƙasa, waɗanda ake ja don a ga abin da fuskar kwamfuta ba ta ɗauka ba. Shafi guda yana da layi 65,536 a Excel na 2003, ya kuma kai 1,048,576 daga na 2007. Ba tare da sandar ja ba, mutum zai ɗauka abin da yake gani shi ke nan.

Mu fara tabbatarwa

A riƙe maɓallin Ctrl, a danna Page Down. In wani shafi ya fito, hankali ya kwanta, lissafi yana nan. Ctrl da Page Up yana komawa baya. Ctrl da End kuma yana kai mutum ƙarshen abin da aka rubuta a shafin.

Yadda za a dawo da su

Mun rubuta kalmomin Turanci yadda suke a fuskar kwamfuta, don a gane su da ido.

1. Wataƙila an kashe su ne. A Excel na 2010 zuwa sama, a danna File, sai Options, sai Advanced. A gangara zuwa "Display options for this workbook". A sa alamar daidai, irin ta malamin makaranta, a akwatuna uku: "Show horizontal scroll bar", "Show vertical scroll bar" da "Show sheet tabs". Sai OK. A na 2007, ana farawa da maɓallin nan mai zagaye na sama ta hagu, sai Excel Options. A na 2003, Tools, sai Options, sai View. Masu LibreOffice Calc su bi Tools, Options, LibreOffice Calc, View. A lura, Excel yana ajiye wannan saiti a jikin fayil ɗin. Shi ya sa ko an kai fayil wata kwamfuta matsalar takan bi shi. Bayan gyara, a yi ajiya da Ctrl da S.

2. Wataƙila sandar kwance ce ta rufe sunayen. A kai linzami bakinta na hagu, inda 'yan ɗigo uku ko ɗan siririn layi yake, a riƙe a ja zuwa dama.

3. Wataƙila tagar fayil ta zarce fuskar kwamfuta, ƙasanta ya nutse. A danna sau biyu a kan sunan fayil can sama. In bai yi ba, a bi View, Arrange All, Tiled, OK.

4. In sunayen sun fito amma ɗaya babu, mai yiwuwa an ɓoye shi. A danna hannun dama na linzami a kan kowane suna, a zaɓi Unhide, a zaɓi shafin. Ctrl da Page Down yana tsallake ɓoyayyen shafi, saboda haka kada a yanke hukunci kafin a gwada wannan. In Unhide ya ƙi dannuwa, a tambayi wanda ya shirya fayil ɗin ko ya kulle shi da kalmar sirri.

Roƙonmu ga kwamitoci

Kada a sake buga sunaye daga ka cikin sabon fayil. Wanda za a manta shi ne wanda ba shi da mai yi masa magana. Kada kuma a goge tsohon fayil.

Kwana biyu kafin rabo, a buga kowane shafi a takarda. Magatakarda da ma'aji da wakiliyar zumuntar mata su sa hannu, a ba fasto kwafi ɗaya. A rubuta yawan shafuka da yawan sunaye a littafin taro, a kuma ajiye kwafin fayil a wani wuri dabam. Aƙalla mutum biyu su koyi matakan nan. In ranar rabo kwamfuta ta ƙi, ko wuta ta ɗauke, a yi aiki da takarda.

In kuwa an bi duk matakan nan shafi bai fito ba, a kawo maganar gaban dattawa tare da takardun da aka sa wa hannu, a bincika a natse. Sunan ɗan'uwa yana da wuyar gyarawa fiye da fayil.

Ubangiji ya ba mu aminci cikin hidimarsa. Amin.