Yadda Zafi Ke Yawo A Cikin Rumbun Shinkafa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a fadamun Kogin Rima har zuwa Argungu. Amma girbi ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin sau da yawa a wurin ajiya ne hatsi yake lalacewa.

Rumbu ba kasafai yake cika fal ba. Hatsi na ƙasa, iska na sama. Shi kansa hatsin ba dunƙulalle ba ne, gama akwai ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinsa inda iska ke ratsawa a hankali. Wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, shi ne ya bayyana ƙa'idar irin wannan ratsawa a 1856, sa'ad da ya gwada yadda ruwa ke bi ta cikin yashi.

Ɗabi'ar iska ce idan ta yi zafi ta yi sama, idan ta huce ta sauko. A daren hunturu bangon rumbu kan yi sanyi, sai iskar da ke jikinsa ta gangaro ƙasa, ta tura iska mai ɗumi ta tsakiyar hatsin zuwa sama. Ita kuwa tana ɗauke da laima, wadda za ta sauke a saman hatsin inda sanyi yake. Nan ne fumfuna ke fara kamawa. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, sai tafiyar ta juya, laimar ta taru a gindi. Ƙwari ma suna ƙara wa abin ƙarfi, saboda numfashinsu yana haifar da zafi.

Wannan ya nuna hikimar rumbun gargajiya. Bangon laka mai kauri yana jinkirta shigar zafi, jinka tana tare rana, duwatsun da aka ɗora shi a kai kuma suna raba shi da damshin ƙasa. Ma'ajiyar ƙarfe kuwa nan da nan take ɗaukar zafi ta sake shi, don haka tana bukatar inuwa da hanyar hura iska.

Saboda haka wajibi ne malaman gona su riƙa tunatar da manoma cewa kada a zuba shinkafa a rumbu sai laimarta ta sauka zuwa kashi 14 cikin 100, a kuma riƙa duba samanta da gindinta duk lokacin da yanayi ya sauya.